Ba Butata Ce Ta Ruɓar Da Makarin Baranda Ba

Zuwa ga Alhaji Bawa, mamallakin gidan da nake haya a Silver Spring, ta hannun zauren zumunta na jama'armu da ke cikin waya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau Talata, sati na biyu na watan Nuwamba, da hantsi. Tun jiya ake yayyafi marar ƙarfi, irin wanda ba ya tsayawa. Tarin da nake fama da shi ya yi sauƙi, alhamdu lillahi, amma ƙuguna yana nan da tsami, gwiwar hagu kuma ta kumbura har ba na iya lanƙwasa ta a sallah. A yi haƙuri da rubutun.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkoki, ranka ya daɗe, ga dalilin wannan takarda. Ranar Juma'ar da ta wuce, a bakin masallaci, ka riƙe hannuna da hannu biyu, ka kira ni Baba, ka ce yau Talata kafin azahar za ka zo da kafinta ka ga barandar da idonka. Ina rubutu ne ina jiranka. In ka zo, zan yaga takardar, babu wanda zai san na rubuta ta. In ba ka zo ba, zan ɗauki hotonta da waya in saka a zaure, domin cikin wata biyun nan takardu uku na aika ofishinka a asirce, ba a amsa ko ɗaya ba.

Saboda waɗanda ba su san ni ba: sunana Isiyaku, mutumin Zariya. Shekarata tamanin da ɗaya. Na koyar da aikin katako a makarantar koyon sana'a shekara talatin kafin in yi ritaya. 'Yata Hadiza, wadda ke aikin jinya, ita ta kawo mu ƙasar nan ni da mahaifiyarta. Mahaifiyar ta rasu shekara huɗu ke nan, Allah ya jiƙanta. Tun daga nan ni kaɗai nake a wannan ɗaki na bene. A bayansa akwai baranda ta katako, tsayinta daga ƙasa ya kai ƙafa tara, a ƙarƙashinta kuma siminti ne. Makarin barandar, wato shingen katakon da ake dafawa, shi ne maganar.

Na farko: abin da ya faru.

A watan Maris, bayan dusar ƙanƙara ta narke, na dafa makarin na ji yana motsi. Na sa tsinin wuƙa a gindin ginshiƙin kusurwa, ta shige kamar a cikin dafaffiyar doya. Na rubuta wa ofis. A watan Mayu aka aiko mutum biyu da gwangwanin fenti. An kwana ana ruwa, katako jiƙe sharkaf, suka hau shafawa. Na fito da sandata na nuna musu wurin da ya ruɓe, na ce ba fenti yake so ba, cirewa yake so. Suka yi mini murmushi irin wanda ake yi wa tsoho, suka ƙara ƙusa biyu a cikin ruɓaɓɓen wurin, suka tafi. Fenti a kan jiƙaƙƙen katako kulle ruwa yake a ciki. Wannan darasin 'yan aji ɗaya ne.

A watan Agusta, na gama alwalar la'asar, na dafa don in miƙe, sai ginshiƙin ya tafi da hannuna waje. Allah ya sa nauyina a baya yake, na faɗi zaune a kan barandar. Da gaba na yi, da ba ni ke rubuta wannan ba.

Na biyu: abin da ofishinka ya kira gyara.

Sati biyu bayan haka manajanka ya zo. Bai zo da katako ba, bai zo da kafinta ba. Ya zo da guntun falanki da sukurori huɗu, wato ƙusoshin murɗawa, ya ɗaure ƙofar barandar ta ciki yadda ba za ta buɗu ba, ya liƙa takarda a gilashin cewa an rufe saboda tsaron lafiyata. Watau maimakon a gyara abin da ya lalace, ni aka kulle. Yau wata biyu da rabi ina kallon kujerata da tukwanen na'ana'ar da marigayiya ta shuka ta cikin gilashi. Na'ana'ar ta bushe ina gani. Kuma wannan ita ce ƙofa ta biyu a ɗakin. In wuta ta tashi a matakala, Allah ya kiyaye, ta ina kuke so in leƙa in yi ihu?

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai: takardar da ta biyo baya.

An rubuto mini da Turanci, da sa hannunka a ƙasa, cewa bincike ya nuna ɗan haya yana zuba ruwa a kan katakon sau da yawa kowace rana da wata ƙaramar tukunya ta roba mai baki, kuma wannan ɗabi'a ce ta jawo ruɓewar, don haka sai an kammala nazari kafin a san wanda gyaran ya hau kansa.

Alhaji, ƙaramar tukunya ta roba mai baki. Buta ke nan. Manajanka yaron kirki ne, a nan aka haife shi, bai san ta ba, ban ga laifinsa ba. Amma kai a zangon Kumasi ka tashi. Ka san buta tun kafin ka san takalmi. Akwai irinta a bayan motarka, na gani. Yaya aka yi ka sa hannu a kan wannan magana? Ko ba ka karanta ba ne? Ban san wanne ya fi muni ba.

Bari in yi bayani dalla-dalla, tun da nazari ake yi. Ina alwala a baranda saboda dalili biyu. Ɗaya, haka aka tarbiyyantar da mu: ba ma son ambaton sunan Allah a makewayi, kuma a gidajen ƙasar nan wurin wanka da masai ɗaki ɗaya ne. Biyu, ba zan iya ɗaga ƙafata zuwa wurin wanke hannu ba. Sai in zauna a 'yar gajeriyar kujera a waje, in ajiye tasa a gabana, in zuba ruwan a cikin tasar. In na gama in ɗauka in juye a magudanar kicin. Na fara haka ne tun sanyin farko da na yi a nan, da na ga ruwan da ya zuba a katako ya daskare ya zama tarko. Abin da ke fantsama waje bai cika cokali uku ba.

To ga abin da ke zuba a kan katakon da gaske. Indararon rufin da ke saman kusurwar ya tsage shekara uku ke nan. Duk ruwan da ya sauka a rabin rufin nan, a kan ginshiƙin yake ƙarewa. Yanzu haka da nake rubutu ina jin ɗigarsa. Da sanyi ƙanƙara takan yi tsiri a wurin kamar hauren giwa. Ruwa ya shiga katako da rana, ya daskare, ya buɗa tsaga, ya narke, ya ƙara shiga ciki. Kan ginshiƙin a yanke yake a miƙe, ba hular da za ta rufe shi, ba gangare, yana shan ruwa ta inda katako ya fi sha. An kafa shi a gefen barandar da ƙusoshi na gama-gari, waɗanda gishirin da ake watsawa saboda santsi ya cinye, sun zama jan gari. Na ajiye biyu a cikin ambulan, suna nan a kan tebur suna jiranka.

In kuwa har yanzu ana zargin buta, a leƙa barandar maƙwabciyata. Dattijuwa ce 'yar Habasha, Kirista, ba ta taɓa alwala ba a rayuwarta. Nata makarin ma rawa yake, har ta ɗaure shi da igiyar shanya. Jikokinta suna zuwa ran Lahadi, suna wasa a wurin. Ita ba a kulle tata ƙofar ba, ban sani ba ko sai wani ya faɗo tukuna.

Na huɗu: abin da kullewar ta jawo.

Da aka hana ni baranda, dole na koma yin alwala a makewayi, a tsaye, a kan tayil mai santsi. Ranar Laraba ta ƙarshen Oktoba, wajen azahar, ina ƙoƙarin wanke ƙafar dama, ta hagu ta zame. Na kwanta a wurin ban san iya lokacin ba, har sai da maƙwabciyar nan ta ji ina buga bututu da kofi ta kira Hadiza. Ƙashi bai karye ba. Shekara shida ina alwala a baranda ban taɓa zamewa ba. An rufe ta don tsaron lafiyata, cikin sati takwas na kwana a asibiti.

Ga inda maganar take yanzu. Hadiza ta ce ta gaji da fargaba, kuma ban ga laifinta ba. Gidanta a garin Bowie matakala ne tun daga ƙofa, ita da mijinta kuma ba sa wuni a gida. Ta samo mini gado a wani gidan kula da tsofaffi. Ta ce in ba a fara gyaran nan ba kafin Asabar mai zuwa, za ta zo da kwalaye ta kwashe kayana. Na je na ga wurin. Yana da tsabta, ma'aikatan suna da fara'a. Tagoginsa ba sa buɗuwa. Babu bas da ke zuwa masallaci daga can. Babu mai ce maka ina kwana da harshenka.

Wataƙila a wurinka baranda katako ne kawai a bayan gida. Ni ita ce zaurena. A nan nake shan hantsi kamar yadda likita ya ce. A nan nake tafiya taku goma in dawo, ina dafe da makarin, don ƙafafu kada su mutu. Daga nan nake ɗaga wa direbobin tasi 'yan Nijar hannu in sun fito da safe, su tsaya su tambayi jiki. Wata rana wannan gaisuwar ce kaɗai maganar da nake yi da ɗan Adam daga safe har magariba. A ɗakin nan matata ta yi jinyarta ta ƙarshe. Ba na son in bar shi saboda ginshiƙi ɗaya da ƙusa shida.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, ba shi da yawa.

A fara gyara indararon, in ba haka ba duk abin da aka kafa zai bi na farko. A cire makarin gaba ɗaya, kada a yi masa faci, a kuma duba katakon gefen da yake kamawa, don ina zargin shi ma ya sha ruwa. A kawo katako mai magani wanda aka yi don waje, ko a sa na ƙarfe marar tsatsa. Kowane ginshiƙi a huda shi a ɗaure da manyan ƙusoshi masu noti guda biyu, waɗanda gishiri ba ya ci, su ratsa har cikin ƙashin barandar, kada a fafe gindinsa don ya zauna. A sa masa hula, saman makarin kuma a ba shi ɗan gangare ruwa ya riƙa zubewa. Tsayi kada ya gaza inci talatin da shida, tsakanin sanduna kada ya kai yadda kan jariri zai shiga. In an gama, a bar katakon ya bushe kafin a kawo maganar fenti. Aikin kwana biyu ne ga mutum biyu da suka san hannunsu. Da ina da ƙarfina na da, da ban rubuta wa kowa ba. A yi na maƙwabciyata a rana ɗaya da nawa. Kuma a yi kafin ƙanƙara ta fara sauka, don in ta sauka za a ce mini sai bazara.

Sai abu na ƙarshe: a janye waccan takardar. Ba na son ta zauna a fayil ɗin wani ofis tana cewa alwalar wani tsoho ce ta rushe gida. Gobe wani Musulmi zai zo neman haya, a buɗe fayil a ce masa ban da buta.

Ban rubuta don in tozarta ka ba. Na san alherinka ga masallaci da ga baƙin da ke sauka ba su san kowa ba, ni ma ka karɓe ni da mutunci lokacin da na zo. Allah ya ƙara maka buɗi na halal, ya shirya maka zuri'a, ya jiƙan magabatanka. Allah ya ba ka tsawon rai, ya sa in ka kai shekaruna ka sami abin dafawa mai ƙarfi, da wanda zai saurare ka in ka ce yana rawa.

Wassalam, daga mai jiranka,
Malam Isiyaku, tsohon malamin aikin katako.

Ƙarin bayani, bayan la'asar. Na sa babbar rigata tun ƙarfe goma. Na dafa shayi, na fito da kofi uku, har da na kafinta. Na jawo kujera kusa da ƙofar shiga don kada ka ƙwanƙwasa ban ji ba. Sau biyu na ji mota ta tsaya na miƙe, ta farko mai kawo wasiƙu ne, ta biyu ba gidan nan ta zo ba. Na yi azahar a zaune, na yi la'asar. Ba ka zo ba, ba ka aiko ba. Na mayar da kofi biyu cikin kabad. Hadiza ta kira sau uku, na san abin da za ta tambaya. Wayar tana nan a kan tebur kusa da ambulan ɗin ƙusoshin, ga ta ta sake yin ƙara, ban ɗauka ba tukuna.