Ƙwai Bakwai a Gindin Katangar Ɗantani

Madabo, Kano. Lahadi.

Zuwa ga ɗana Abdulmalik, a Jos.

Don Allah ajiye abin da ke hannunka ka saurare ni yanzu, kar ka cusa takardar nan a aljihu sai ka tashi aiki. Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin garinku, ya Jamila da yara? Ni jiki lafiya, hankali ne a tashe. Luba malamar makaranta ce ke rubuta mini, ita ta sa sunanka, ka san bakina ba ya kama sunan ɗan fari.

Ƙwan salwar nan arba'in da ka kawo mini da akwatin ƙyanƙyasa da fitila, wai in rage zaman shiru, su suka jawo mini. Ka ce tsuntsuwar ba ta kwanci, ni ce uwarsu, in riƙa juya su sau uku a rana. Ka bi su da biro ka yi musu lamba don in gane gefen da na juya. Ni ina na san lamba? Ƙwan ma da ma duk ɗige-ɗige ne. Sai na aika Ƙofar Mata aka samo mini shuni, na ɗiga wa kowanne a gefe guda. In shuɗin na sama da asuba, da azahar ya koma ƙasa.

Bakwai suka lalace suna wari. Na tona rami a gindin katangarmu da Alhaji Ɗantani na binne, don kar kyanwa ta ja. Ruwan Alhamis ya zaftare katangar, magina suka zo gyara suka tono su. Ƙwai bakwai irin da ba a taɓa gani ba a unguwar nan, da rubutu, da shuni. Kuma ka san Ɗantani ya nemi kansila a siyasar nan da aka dawo da ita, ya faɗi tun a zaɓen cikin gida.

Wai ni na binne masa asiri. Ni na yanke wa Ɗantani cibiya. Luba, rubuta haka, kar ki gyara. Na gan shi kafin uwarsa ta gan shi. Shekara arba'in ina ungozoma a Madabo, jiya na fita sayen kananzir mata na janye 'ya'yansu daga hanyata.

Abin da ya fi ci mini rai Binta ce, 'yar aminiyata marigayiya Talatu. Cikin fari, wata tara, kuma uwarta a hannuna ta bar ta. Mijinta yaron Ɗantani ne a siyasa, ya ce in na sake taka ƙofarsa sai ya tara mini jama'a.

Gobe Mai Unguwa ke nemana. Ka zo. A shafa mini kan yara.

Uwarka, 'Yardada.

Madabo, Kano. Talata.

Zuwa ga ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Direban motar Jos ya ce ya ba ka takardar farko hannu da hannu, ka ce sai ƙarshen wata za su sake ka. Na ji. Ka kawo abu ka ajiye wa tsohuwa ka tafi abinka.

Za ka ga hannu ya canja. Mijin Luba ya hana ta shigowa gidana, sai da na tako wajen Malam Shehu mai rubuta wasiƙa, ina tona cikina a bakin titi.

An yi zaman. Ɗantani ya ce tun da yake a duniya bai taɓa jin tsuntsun da ke yin ƙwai ya ƙi kwanci ba, bai kuma taɓa jin akwati ya haihu ba. Liman ya duba rubutun ya ce lambar boko ce kawai. Ɗantani ya ce ai yanzu har da boko ake yin asiri. Aka yi dariya, amma ba wanda ya ce masa ya ji tsoron Allah.

Mai Unguwa ya yanke cewa a kai akwatin zaurensa. Ka ce kwana goma sha bakwai suke yi, na ƙirga da tsakuwa, ya kama Alhamis. Ya ba ni zuwa sallar Juma'a. In tsuntsu ya fito, magana ta mutu. In bai fito ba, in bar Madabo. In tafi ina? A ɗakin nan nawa na haife ka, daga nan aka ɗauki gawar mahaifinka.

A ka aka ɗauko akwatin ana jijjiga shi, fitila ta mutu a hanya. Ka ce kwana ukun ƙarshe ba a buɗewa, ba a juyawa. Kowa ya shigo zauren sai ya ɗaga murfi ya leƙa, har da mai ɗauka ya kai hanci. Yanzu ina wuni a kan tabarma a bakin zauren maza, da furfurata, ina gadin lagwani. Ma'aunin zafin da ka bari ban san kansa ba, da bayan hannu nake ji, yadda nake jin ruwan wankan jariri. In na miƙa hannu, yaran Ɗantani su ce a duba kar in jefa wani abu.

Ina tsoro, ɗan nan. In sanyin hanya ya kashe su a ciki, wa zai yarda da ni?

Ka sa ni a addu'a.

Uwarka, 'Yardada.

Madabo, Kano. Juma'a.

Zuwa ga ɗana.

Assalamu alaikum, ya gida, ya yara? Luba ta dawo, ga ta nan tana rubutu tana sunkuyar da kai.

Alhamis ta wuce shiru. Har na ɗaure kayana a zani. Yau da hantsi na kara kunne a jikin akwati, na ji ƙus-ƙus. Na ce a kira Ɗantani kafin a buɗe, kar a ce ni na zuba su.

Goma sha tara suka fito. Kowanne bai fi babban yatsana ba, da zane a baya, jiƙe sharkaf, suna bushewa suka kama gudu. Ɗaya ya faɗo ya shige rigar wani ƙato daga cikin masu gadina, sai ga shi a kan dakali yana salati. Mai Unguwa da kansa ya kawo musu ruwa a faranti. Na ce, ranka ya daɗe, kashe mini su za ka yi, a wannan ma nutsewa suke, a zuba tsakuwa a ciki. Ya tsuguna da rawaninsa yana tsintar tsakuwa.

Ɗantani ya ce, to, Allah ya kiyaye gaba. Ya kaɗa riga ya fita. Ko cewa Iya, yi haƙuri, babu. Bayan an sauko daga masallaci kuma ya aiko matarsa Jummai, wai ya ji ƙwan na maganin hawan jini, in sun fara yi a tuna da shi. Na ce ta gaya masa na binne masa nasa a gindin katanga, ya je ya tona.

Amma duk wannan a zauren maza aka yi. Matan da suka janye 'ya'yansu suna cikin gida, ba su gani ba. Kuma yanzu Luba ke gaya mini Binta tun safe bayanta ke ciwo, tana ɓoyewa, ba ta san wa za ta kira ba.

Ka gai da Jamila. Ƙarshen wata ka taho da abincinsu, gero ya yi musu girma, sai na daka.

Uwarka, 'Yardada.

Luba, ajiye biron nan. Naɗe ɗan tsako ɗaya a gefen zaninki kar ya sha iska. Kar ki tsaya wajen Jummai, kar ki tsaya wajen kowa. Binta za a fara gaya wa. Sa mata shi a tafin hannu, ki ce ina tafe da sabuwar reza.