Kwali Mai Layi Biyar

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau Malamar kwamfuta ta ce za a goge tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu na ɗakin kwamfutarmu, a ɗora musu Linux, babbar manhajar nan ta kyauta, don wadda ke kansu ta tsufa, sai ka yi hamma uku kafin ta buɗe. 'Yan aji ɗaya ne za su ɗora da hannunsu, don su koya. Ana son takardar da za ta yi musu jagora, kuma wadda aka ɗauki tata ita ce za ta shugabanci aikin.

Ban ɗaga hannu ba. Na ɗauka ba sai na ɗaga ba. Shekara biyu ni ke riƙe da makullin ɗakin nan.

Sai Malama ta ce, "Ke da Sabuwa, kowa ta rubuto tata."

Sabuwa! Wata shida ke nan da zuwanta makarantarmu, har yanzu ba a daina kiranta haka ba, kuma wai sunan yana burge ta. Tauna cingam take yi lokacin da Malama ke magana.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gama tawa. Mataki talatin da takwas, shafi tara. Na zana kowane allo da rula, na ja wa gargaɗi jan layi. Yaya ta leƙo ta ce, "Wannan jagora ne ko wasiyya?" Ban kula ta ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sabuwa ta kawo tata. A bayan kwalin biro ta rubuta. Layi biyar.

Sa filashi. Kunna, ka yi ta danna maɓallin da na sa wa ɗigon fenti. Zaɓi harshe. Zaɓi "goge duka". Karanta allo, shi zai faɗa maka sauran.

Shi ke nan fa. Na jira Malama ta ce ta je ta sake. Dariya ta yi, irin wadda ba ta taɓa yi mini ba, ta ce, "Ke dai ba ki da dama." Tawa kuwa ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Abin da ake faɗa wa wanda ya zo na ƙarshe a tsere ke nan.

Asabar, 11 ga Oktoba

Umma ta tambaye ni me ya sa nake wanke kofi ɗaya sau uku.

Litinin, 13 ga Oktoba

An gwada. Yara shida nawa, shida nata.

Nawa sun zauna tsit kamar ana jarrabawa. A mataki na huɗu wata ta tambaye ni ko za a yi tambaya a kansa ƙarshen zango. A na goma sha ɗaya wata 'yar ƙarama mai tabarau ta ɓata, ta koma na bakwai, ta fara hawaye. Na karɓi maus ɗin na yi mata. Na yi wa ta kusa da ita. Kafin a kaɗa ƙararrawa ni kaɗai ke zagaye kwamfuta shida, su kuma sun naɗe hannu suna kallona.

Can ɓangaren Sabuwa kamar kasuwa. Tana zaune a kan tebur tana kaɗa ƙafa. Duk wadda ta ce, "Anti, me zan danna?" sai ta ce, "Me allon ya ce? Ni ba ni da idon da ya fi naki." Wata ta zaɓi harshen da ba mai jin sa a cikinmu, suka yi ta dariya, suka sake daga farko. Biyar sun gama. Nawa biyu, su ma ni na gama su.

Har "Anti" suke ce mata. Ni "Monita".

Malama ta ce kwalin za a bi. Ta ce tawa a ajiye a durowa "saboda masu son zurfafawa". Na san durowar. Matattun batura ne a ciki.

Da hutun tara na tafi laburare, inda nake zuwa kullum. Baba Mai Laburare bai tambaye ni komai ba, kujera kawai ya turo mini da ƙafa. Yana ta buga jerin littattafansa a kwamfuta da yatsa biyu. Shekara huɗu yana wannan aiki, littafi dubu uku da wani abu, kowanne da lambarsa da kantarsa da sunan wadda ta ara ba ta dawo da shi ba.

Ina zaune Malama ta shigo. Wai Shugabar makaranta ta ce kwamfutar laburare ma a ɗora mata sabuwar manhajar ranar Alhamis, Sabuwa za ta zo da yara biyu. Ta ce, "Baba, kana da kwafin jerin nan ko?"

Ya ce, "Kwafi har biyu, Malama. Ni da wasa da aiki?"

Ta tafi hankalinta kwance.

Ni na san kwafin. Ni na nuna masa yadda ake yi bara. Dukansu biyun suna cikin wannan kwamfutar, gefe da gefe da na asalin, ya sa musu suna "Na Biyu" da "Na Uku". Ba filashi, ba komai a waje. "Goge duka" ba ya tambayar sunan kowa.

A takardata, mataki na biyu zuwa na tara duk a kan kwashe kwafi waje ne.

Ban ce komai ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Ai ba ni aka sa ba. Mai layi biyar ita ta sani.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na yi ta tsara yadda abin zai kasance. Allon zai dawo fes, ba jeri. Malama za ta dafe kai. Wata za ta buɗe durowa, ta ture baturan, ta ɗauko shafi tara, ta karanta mataki na biyu da ƙarfi. Kowa ya juyo ya kalle ni. Ni kuma ba zan ce komai ba, ƙasa kawai zan kalla.

Sau biyar na maimaita shi a darasin lissafi. Duk lokacin da na zo wurin da Baba yake tsaye, sai in tsallake.

Da tara ya nuna mini ya kai harafin "W". Ya ce in Allah ya kai mu ƙarshen zango zai gama, ya huta wa yatsunsa. Ya ce, "'Yata, yau ba ki da baki. Ko da yake kullum ba ki da shi." Ya yi dariya shi kaɗai.

A gida na ba Yaya labarin kamar na wata ƙawata ce. Tana guga, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki, wadda take jin haushi daban, wanda za ta ƙona daban." Sannan ta ce, "Kuma ki gaya mata ta daina wanke kofi ɗaya sau uku."

Alhamis, 16 ga Oktoba



Na riga su zuwa. Na tsaya bayan kantar littattafan tarihi da littafi a hannu, ban san ma na mene ne ba. Sabuwa ta shigo da kwalinta da yara biyu, ɗaya ita ce mai tabarau ɗin da ta yi kuka a wurina. Yau ba kuka. Ita ta sa filashin da kanta, ta danna maɓalli, ta zaɓi harshe. Baba ya ja gefe ya goya hannu a baya, yana cewa, "Yaran zamani, tubarkalla."

Allon ya zo wurin. Yarinyar ta duba kwali, ta kai kibiya kan "goge duka", ta danna. Saura maɓalli ɗaya. Ta ce, "Anti, in ci gaba?"

Sabuwa ta ce, "Me kwalin ya ce?"

Ban san na yi ihu ba sai da na ji muryar. "Kar ki taɓa!" A laburare. Ni. Littafin ya faɗi, tabarau ɗin yarinyar ya zamo kan hancinta, Baba ya ce, "Subhanallahi, maciji ne?"

Na fito ina in'ina. Na ce kwafin duk a ciki suke. Sabuwa ta kalle ni, ta kalli allon, ta ce, "Baba, ina kwafinka?" Ya nuna kwamfutar da alfahari: "Suna nan ciki, lafiya lau." Na ga cingam ɗin ya tsaya a bakinta. Ta ɗauke hannun yarinyar daga kan maus a hankali, kamar mai ɗauke ƙwai.

Muka kashe, muka cire filashin, muka sake kunnawa, muka kwashe jerin a wani filashin daban. Na sa aka kai shi ɗakin kwamfuta aka buɗe a wata na'urar, muka gani da idonmu har harafin "W". Sannan aka ɗora. Baba bai gane abin da ya kusa faruwa ba, sai albarka yake sa mana mu duka.

A baranda Sabuwa ta tare ni. Ta ce, "Yaushe kika sani?"

Da na ce yanzu na tuna, da ta yarda. Na ce, "Tun Litinin."

Ta ce, "Lallai kin tsane ni." Ba da faɗa ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ba ta gaya wa Malama maganar Litinin ba. Cewa ta yi kawai kwalinta na da rami, kuma ni na gani. Da ta kai ƙarata da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ta ajiye mini kwalin a kan tebur da biro. Ta ce, "Monita, rubuta naki a sama. Layi ɗaya fa, ba shafi ba. In ya kai biyu zan yanke da reza."

Darasi guda na ɓata ina matse mataki takwas. Na rubuta: "Kafin komai, tambayi mai kwamfutar abin da ba ya so ya rasa, ka kwashe shi waje, ka buɗe ka gani da idonka." Ta karanta, ta ce ya yi tsawo, amma ba ta yanke ba.

Ita ce dai shugabar aikin. Har yanzu dariyarta ta cika ƙara, kuma rubutunta kamar tafiyar kaza.

Kwamfuta ɗaya ta rage a ɗakin, mai tabarau ce a kai. Ta tsaya a wurin zaɓen agogo, ta juyo ta ce, "Anti, me zan danna?" Na waiga in ga ko Sabuwa na bayana. Ba kowa.

Hannuna har ya tashi. Na mayar da shi, na zauna a kansa. Na ce, "Me allon ya ce?"

Ba kwaikwayon kowa nake yi ba. Hannun ne ya gaji.