Kaso na Uku a Jikin Dabino

Minya, ranar Asabar

Zuwa ga Kakata Hajja Nabra,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki gaida Sitt Fayza ta hawa na biyu, tunda na san ita za ta karanta miki.

Kaka, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Ɗan dabinon nan da kika sa aka ɓamɓaro daga gindin uwarsa, wanda Baba ya ce ba zai shiga motarsa ba, ba ya bayan ƙofa inda aka jingine shi. Yana saman mota. Lokacin da Baba ya koma ciki neman makulli, na naɗe shi cikin tabarmar da muke shimfiɗawa mu ci abinci, na miƙa wa mai gadi ya ɗaure a kariya, ƙarfen ɗora kaya na saman motar, tare da jakunkuna. Ya ce tabarmar nan da nauyi take. Na miƙa masa igiya.

Na ji ki ranar da mai gidan da muke haya ya ce zai sare uwar dabinon da ke tsakar gida ya gina gareji. Kin ce mijinki Kaka Bashir ne ya taho da ita daga tsohon ƙauyenmu kafin ruwan dam ya shanye shi, kuma idan aka sare ta irin ya ƙare. Ba ki yi kuka ba, amma ba ki ci abinci ba. Shi ya sa.

Tafiya lafiya lau. Baba sai murna yake, wannan ne hutunsa na farko da motar kansa. Yana tuƙi yana waƙa, in ya wuce mai jaki sai ya danna ham ya ce, "Mu haɗu a Aswan!" Mama ta ce, "Baban Dahiba, yi a hankali, kada jakin ya riga mu." Kogi yana hagunmu, wani lokaci ya ɓuya bayan gonakin masara, can ya sake fitowa. Mun ci wake da gurasa a Bani Suwaif. A ƙasa muka zauna kan jarida, don na ce igiyar tabarmar ta ƙulle ba ta kwantuwa.

Duk inda aka tsaya nakan hau kan taya in jiƙa buhun da ke naɗe da gindinsa. Baba ya ce Luksor za mu, sai Aswan, kuma ba zai karya sitiyari zuwa ƙauyen Baffa Halil ba ko da taya huɗu za su fashe a bakin hanyar. Ban san yadda zan yi ba tukuna. Amma zan kai shi.

Idris, mai aiki a jirgin ƙasa, zan ba wannan takardar. Ya ce in kin ba shi amsa zai ajiye min wurin mai shayin tashar Asyut.

Jikarki,
Dahiba

Alƙahira

Zuwa ga Dahiba, bebiyata,

Wa alaikis salam. Sitt Fayza ce ke rubutawa, ni ce ke faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara min magana.

Ashe ke ce ɓarauniyar! Kwana biyu ina zagin almajiran makanikan bakin layi, na ɗauka su suka ɗauke shi suka hura wuta. Yarinyar da in baƙo ya shigo sai ta shige bayan labule, ita ce ta yi wa ubanta wayo. To, Allah ya yi miki albarka. Na yi dariya har Sitt Fayza ta kawo min ruwa.

Yanzu ki buɗe kunne. Gindin kaɗai ake jiƙawa. Kada ɗigo ɗaya ya shiga tsakiyar kansa inda sabon ganye ke fitowa, nan ne ransa, in ruwa ya kwanta a wurin ruɓewa zai yi. Kada ki kwance igiyar ganyen. Rana ita ce abokiyar gabarsa, ke kuma kin ɗora shi a saman mota kamar kifin da ake busarwa. Ki leƙa tsakiyar kullum. In kore ce, da sauran rai. In ta fara komawa ruwan ɗorawa, lokaci ya matse, yana neman ƙasa.

Ubanki kuwa, kansa kan kakanki ne, dutse. Kada ki yi masa gardama, ba ki iya ba ma. Ki ci abinci, kin rame tun kafin ku tafi.

Kakarki,
Nabra

Ƙena, ranar Alhamis

Kakata,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki a Asyut, na karanta ta a banɗakin masauki. Ina gaishe ki.

Asiri ya tonu, kuma ni na jawo. Kin san jarkar ruwan da Baba ke ajiyewa a but saboda lagireto? Daga ita nake ɗiba. Na ɗauka ruwa ne kawai kamar kowane ruwa, ban san motar tana sha kamar raƙumi ba. Jiya bayan mun wuce Naj Hammadi hanya ta rabu da kogi ta hau tudu, ba gida ba bishiya. Sai hayaƙi ya taso daga gaba. Baba ya tsaya, ya ce kada kowa ya damu, ai ya yi shiri. Ya ɗaga jarka da ƙarfinsa duka, sai ta tashi sama kamar ƙwarya.

Ya dubi Mama. Mama ta ce, "Kada ka dube ni, ni ba da ruwan mota nake alwala ba." Sai ga ɗigo ya sauko daga kariya ya bi gilashi a gabansa. Ya taɓa, ya ɗaga kai, ya hau ya kwance tabarmar.

Kaka, bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya tsaya yana kallon dashen ya daɗe. Can ya ce, "Dahiba, ke ce?" Na ce ni ce. Ya ce, "Kakarki ta sa ki?" Na ce a'a. Ya ce, "Kin san abin da kika ɗoro min a kai tun daga Alƙahira?" Ban sani ba.

Wani mai babbar motar rake ya tsaya ya ba mu ruwa. Da ya ga dashen ya ce, "Ya Ustaz, wannan irin mutanen kudu ne, ka sayar min?" Baba ya ce, "Kyauta ma, ɗauki." Ban san lokacin da na rungume buhun ba. Ƙayar ganyen ta soke ni a hannu, ban saki ba. Direban ya yi dariya ya ce, "A'a, wannan yana da mai shi, ni ba na faɗa da mata."

Baba ya ce to, wanda ya kawo shi ya ɗauka, ba zai ƙara hawa kariyarsa ba. Yanzu a cinyata yake, kansa ya fita ta taga, na lulluɓe shi da mayafina. Gara ma haka, ya samu inuwa. Sai dai na leƙa tsakiyar yau, gefe ɗaya ya fara ɗashewa.

Baba bai ƙara waƙa ba. Mota tana wurin bakanike, sai jibi za mu tashi. Kaka, ki faɗa min gaskiya, me na ɗoro masa? Dashe ne kawai. Me ya sa yake tsoronsa?

Jikarki mai jiran amsa,
Dahiba

Alƙahira

Dahiba,

Gaisuwa da fatan alheri. Tunda kin tambaya, kin isa ji.

A wurinmu dabino ba ya zama na mutum ɗaya. Kaso uku ake yi. Ɗaya na mai dashe, ɗaya na mai ƙasa, ɗaya na wanda ya shayar da shi har ya kama. In ya haihu, ba a sauke ko nono ɗaya na 'ya'yansa sai ukun nan sun zauna a gindinsa, ko 'ya'yansu, ko jikokinsu. Haka muka taras.

Dashen nan na ubanki ne, domin shi ya yi wa uwar hidima bayan rasuwar kakanki. Ƙasa kuwa ba mu da ita ko'ina sai gonar Halil. Kin gane yanzu? In ya shiga ƙasar nan, su biyun sun ɗauru har ƙarshen ransu.

Da kakanki ya rasu, ubanki ya binne shi a nan Alƙahira bai jira wansa ba, saboda zafi ake yi kuma jirgin Halil ya makara. Halil ya iso ya ce masa a gaban mutane ya binne ubansu cikin baƙi kamar wanda ba shi da dangi. Ubanki ya rantse ba zai ƙara taka ƙofar gidansa ba. Kina goye a lokacin. Ni na haife su duka biyu, kuma na gaji.

Amma kada in yaudare ki. Gwiwoyin Halil sun mutu, 'ya'yansa suna aiki a ƙasar waje, matarsa Sakina ba ta iya ɗaukar garwa. Sabon dashe kullum yake son ruwa, safe da yamma, har ya fitar da ganye. In babu mai shayarwa, wahalar banza kika sha. In abin ya fi ƙarfinki, ki ba wani manomi a hanya, ba zan yi fushi ba.

Kakarki

Ƙauyen Baffa, ranar Talata

Kakata,

Assalamu alaikum. Ki duba saman takardar ki ga daga ina nake rubutowa.

A Luksor na karɓi amsarki daga hannun Idris. A nan Baba ya kai mu kallon gine-ginen Fir'auna, ni hankalina yana mota. Tsakiyar tana ƙara ɗashewa. Da muka wuce Idfu na fara karanta allunan hanya. Da na hango mararrabar, na ce, "Baba, tsaya." Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Bai tsaya ba. Na ce, "In ba za ka shiga ba, ka sauke ni, zan taka."

Ya taka birki har Mama ta dafe gilashi. Ya ce, "Bismillah, ga ƙofa. Mu gani." Ya ɗauka ba zan iya ba. Na fita, na saɓa buhun a kafaɗa, na kama hanyar da ke bin magudanar ruwa. Ban waiwaya ba.

Can na ji motar a bayana, tana rarrafe. Baba ya leƙo yana cewa, "Ke, dawo! Kin san nisan wurin? Rana za ta kashe ki!" Mama kuma ina jin ta tana cewa, "Bar ta, ai kanka ta ɗauko." Yara suka fito suna bin mu, mace a gaba da buhu, mota a baya kamar akuya. Baba ya ce, "Na rantse fa, Umm Dahiba!" Mama ta ce, "Ƙofar gida ka rantse. Mu gona za mu."

Baffa yana zaune bakin gona a kan kujerar kaba, da sanda. Ya dubi motar, ya dubi Baba, ya ce, "Awad, a wannan gwangwanin ka zo tun daga Alƙahira? Ko turo shi kuka yi?" Baba ya ce, "Ya fi jakinka, Yaya." Ba su yi musabaha ba. Na ajiye buhun a gaban Baffa na kwance. Ya shafa gindin, ya shinshina, ya ce, "Wannan ɗan dabinon Babanmu ne." Sai ya juya fuska yana ta gyara rawani.

Baba ne ya haƙa ramin, da takalminsa na birni. Baffa yana cewa ya yi zurfi, Baba yana cewa bai kai ba, Baffa ya ce, "Kai da ka girma kan siminti za ka koya min rami?" Haka suka yi ta yi har aka rufe ƙasa. Inna Sakina ta kawo shayi ta ce min a kunne, rabon da ta ji Baffa yana masifa da daɗi haka ta manta.

Sai Baffa ya ce, "To, dashe naka, ƙasa tawa. Wa ke da ruwa?" Baba ya ce gobe da safe za mu wuce Aswan, ya riga ya kama mana ɗaki mai kallon kogi, kuma ya yi min alkawarin shiga jirgin ruwa mai filafilai. Baffa ya dubi gwiwoyinsa. Ni kuwa na ɗauke buhun na naɗe.

A mota Baba ya ce zai kwana, bai shiga gidan ba. Amma Baffa ya aika masa da bargo, kuma ya karɓa.

Jikarki,
Dahiba

Ƙauyen Baffa, ranar Laraba

Kakata,

Gaisuwa mai yawa. Takardar gajera ce, hannuna ya yi tsami.

Da safe kafin a ɗaure kaya na sauke jakata na kai ɗakin Inna Sakina, na tafi magudana da garwa. Baba ya same ni a gindin dashen. Ya dubi garwar, tana yoyo. Ya koma mota ya ɗauko jarkar nan ya ajiye a gabana. Ya ce, "Wannan karon ni na ba ki. In mun mutu a hanya, ke ce." Sun tafi Aswan. Zai dawo ya ɗauke ni kafin a buɗe makaranta.

Kaso na uku nawa ne, Kaka. Baffa ya ce sai ya yi shekaru kafin ya haihu, kuma mai ruwa ba ya nisa da kasonsa. Don haka duk hutu a nan zan yi. Ban faɗa wa Baba ba tukuna cewa shi zai riƙa tuƙo ni.

Ki ci abinci.

Taki,
Dahiba