Zinariyar da Ke Kan Dutsen Baba

Litinin, 8 ga Satumba

Khun Thawat, mai gwajin ma'auni, ya bugo waya daga Bangkok. Juma'ar mako mai zuwa zai zo nan Trang da duwatsun awonsa, ya gwada sikelinmu a cikin masana'anta. Ya jero min sharuɗɗa ko numfashi ba ya yi: a rufe ɗakin awo tun ana gobe zai zo, sanyin ɗaki kada ya hau kada ya sauka, ba fanka, ba injin da zai girgiza ƙasa, tebur ya zauna daram. Na ce to, to, to. Da na leƙa ɗakin namu sai na ji kaina ya sara.

In ba takardar shaidarsa, masu sayen kayanmu na Osaka ba za su ɗauki man zafinmu ba. In ba su ɗauka ba, ma'aikatan da ke aikin yamma sai gida. Ban faɗa wa kowa ba, amma kowa ya sani.

Laraba, 10 ga Satumba

Goggo Lamduan ta ji an ce baƙo, shi ke nan. Ita ce shugabar ɗakin haɗa man tun kafin a haife ni, ta goya ni, don haka maganata iska ce a kunnenta. Na tarar ta jera furanni a kan teburin sikeli, ta kunna turare, ta sa an kwarara wa ɗakin ruwa.

"Mutum ya taso tun daga Bangkok ya tarar ko fure babu? Ai sai ya ce ba mu da tarbiyya."

Na ce, "Goggo, ba surukinki ba ne. Sikeli ya zo gani."

"To sikelin ba shi da ido ne, shi mutumin?"

Na kwashe furannin da kaina. Ƙafar tebur ɗaya ma kwalin man zafi aka ninke aka tokare ta da shi. Aikin Baba ne, na gane ninkinsa. Na daɗe a tsugune kafin na zare.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ruwa tun safe. Na zauna, na tashi, na zauna. Injin niƙa yana sa lambobin sikeli rawa, dole a kashe shi ranar gwajin.

Asabar, 13 ga Satumba

Khun Thawat ya sake kira. Wai ya manta, har dutsen awon da muke duba sikeli da shi kowace safiya zai gwada. In dutsen ya faɗi, takarda ta faɗi.

Dutsen Baba ne. Tagulla, giram ɗari biyu, a ɗan akwatin katako. Tun da na dawo gida a watan Afrilu, bayan ɓarin jikinsa ya shanye, ban buɗe akwatin ba, Goggo ke yin awon safe. Yau na buɗe.

Zinariya. Tun daga kai har gindi, falle kan falle, har lambar da ke jikinsa ta ɓace. Ya yi ɓul-ɓul kamar ƙwai.

Goggo ko a jikinta. Ta ce tun ranar da Maigida, wato Baba, ya faɗi, duk wanda ya shigo aiki yakan manna falle ɗaya, yadda muke yi wa mutum-mutumin Buda a haikali, ya roƙa masa sauƙi. Da man zafinmu suke liƙawa.

"Ba abin da hannunsa ya taɓa a duniya kamar dutsen nan, Jiap. Har ke."

Na tambaye ta, to da safe in ta ɗora shi lamba ta ƙi daidai fa? Ta ce sai ta gyara sikelin ya bi dutse, haka Maigida ya koya mata, dutse ba ya ƙarya. Wato watanni ke nan dutse yana ƙiba, sikeli yana bin sa a baya. Kafur ɗin da muke zubawa ya ɗan ɗara ƙa'ida, kaɗan ne, ba zai cutar da kowa ba, amma mutumin Osaka ba ya jin "kaɗan ne".

Ta ce, "Shi ya sa ake cewa man bana ya fi ratsa jiki."

Ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan sauke wa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na yi wa Mama maganar tana dama wa Baba kunun shinkafa. Ta ajiye ludayi.

"Ki kankare? Roƙon mutane na wata da watanni, ki sa hannu ki goge?"

Na ce dutse ne, Mama, ba Baba ba ne.

"Ubanki yana kwance, ba magana, ba motsi. In kin goge, washegari wani abu ya same shi, za ki iya zama da kanki? Ni dai ba zan iya zama da ke ba."

Na kawo mata maganar likita. Ta ce likitan ai ya ce hannun hagu lafiyarsa lau, to me ya hana shi ɗagawa? Gaskiya ne kuwa. Hannun yana nan a kan zani, ko cokali ya ƙi kamawa. Bango kawai yake kallo.

Ni da na yi shekaru a ɗakin gwaji a Bangkok, yau ga ni ina gardama a kan ko zinariya na riƙe rai. Abin haushin shi ne tambayarta ta bi ni har wanka.

Litinin, 15 ga Satumba

Sabon dutse da takardarsa sai bayan wata guda. Osaka ba za su wuce ƙarshen watan nan ba. Wannan ƙofa ta rufe.

Talata, 16 ga Satumba

Na daure na faɗa wa Khun Thawat. Ya yi dariya har da tari, ya ce ya taɓa ganin sikeli da sarƙar fure, amma wannan sabo ne. Sannan ya ce kada in kuskura in sa wuƙa ko sanfefa, in tagulla ta karce dutsen ya mutu. Auduga, sifirit, da abin da bai kai tagulla tauri ba.

An daidaita tebur. An toshe tagar da ke shigo da iska. An gaya wa direbobi kada mota ta shigo harabar ranar Juma'a. Komai ya shirya sai abu ɗaya, shi kuma ina ta zagaye shi kamar kaza da ƙwai.

Laraba, 17 ga Satumba

Na shiga da auduga da sifirit lokacin cin abincin rana. Na jiƙa audugar. Da na kawo dutsen kusa da ido sai na ga shatin yatsu a jikin zinariyar, manya da ƙanana, wani a kan wani. Waɗanda nake ƙoƙarin ceto wa aiki su ne masu yatsun.

Goggo na tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincinta. Da ta yi faɗa da na goge. Kallona kawai ta yi.

Na mayar da shi akwati. Matsoraciya.

Alhamis, 18 ga Satumba

An rufe ɗakin awo. Da rana na ɗauki akwatin na tafi gida. Niyyata in goge yau ko ana ha maza ha mata, amma ba a bayan idon mai shi ba.

Na zauna a bakin gadonsa na ce, "Baba, gobe za a gwada dutsenka." Bai juyo ba. Na buɗe tafin hannunsa na hagu na ɗora masa.

Ya sauko da ido. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga fuskar nan da na sani, wadda ya yi min ina 'yar shekara bakwai, ranar da na ɗauki dutsen da hannu ba safa ya make min yatsu. Wani gurnani ya fito daga maƙogwaronsa. Yatsun suka rufe. Babban yatsa ya lalubo, ya kafa farce, ya karto zinariyar.

Mama ta shigo da tawul, ta tsaya cak. Na zaci za ta ƙwace. Sai ta juya ta ɗauko faranti, ta durƙusa ta tara a ƙarƙashin hannunsa, ɓarɓashin na zuba, hawayenta na zuba. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Ya yi ta kartawa yana hutawa har rana ta yi sanyi. Da na kai hannu zan taya shi, ya harare ni. Sai da lambar ta fito sarai sannan ya miƙo min, da kansa.

Na wanke shi da sifirit na mayar ɗakin awo ya kwana cikin sanyin. Labari ya riga ni isa. Goggo ta tare ni a ƙofa.

"To, malamar Bangkok. Zinariya ta yi aiki ko ba ta yi ba?"

"Fushi ne ya ɗaga hannun, Goggo."

"Wa ya tayar da fushin?"

Na wuce ta kawai.

Juma'a, 19 ga Satumba

Khun Thawat ya zo, ɗan siriri da farar safar hannu. Masana'anta tsit, ba inji, ba fanka, ma'aikata suna tafiya a kan yatsu kamar gidan mai jego. Sikelin ya kauce, ya gyara shi. Da ya zo kan dutsen na fita waje, na kasa tsayawa.

Dutsen ya ci gwajin, da ƙyar. Khun Thawat ya ce ya tsufa, a nemi sabo kafin baɗi, amma ya sa hannu. Ma'aikatan yamma suna nan.

Furannin Goggo kuwa sun dawo, a bakin ƙofa ta waje. Ya yaba su, ya ci ayabar da ta dafa masa da madarar kwakwa har kwano biyu. Ba zan huta da gori ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Yanzu murfin akwatin suke manna wa. Na ƙyale su, ai ba a auna akwati.

Jiya Baba ya fizge cokali daga hannun Mama, rabin kunun ya ƙare a zani. Mama ta kai farantin ɓarɓashin haikali, ni na kai ta a mota, na jira a waje. Mai sayar da falle a bakin ƙofa ta dame ni, na karɓi ɗaya don ta rabu da ni. Ya kwana a jakata, kuma abu ne mai saurin yagewa, asara ce a bar shi.

Yau na riga kowa zuwa. Na yi awon safe da kaina, lamba ta zauna daidai. Ƙasan akwatin ba mai dubawa.

Dutsen da safar hannu na ɗauke shi. Fallen kuwa da yatsa na danna shi a ƙasan akwatin.