Kwamfutarki Lafiyarta Ƙalau

Femke tawa,

Ba ki lalata komai ba, kwamfutar ofishinki lafiyarta ƙalau. Jiya kin kwanta kina cewa, "Wouter, ranar farko a sabon aiki, za su ce tsohuwa suka ɗauko." To, ki kwantar da hankalinki.

Na duba kwamfutar da asuba. Tana haɗe da intanet ɗin gida, amma ko shafi ɗaya ba ta buɗewa. Ashe takunkumin nan ne da muka sa wa akwatin intanet tun ɗanmu Jelle yana firamare, don kada ya raba dare yana wasa. Duk baƙuwar na'urar da ta shigo gidan, ɗauka yake yi ta yaro ce, sai ya tare ta. Na cire.

Ki kashe ta ki sake kunnawa kafin taronku. Kofi yana fulas, burodi da cuku suna kan tebur. Na ari kekenki, tayar nawa ta yi faci.

Akwatin nan bai san ɗanmu ya girma ya bar gida ba. Na daɗe a tsaye a gaban akwatin kafin na iya gaya masa.

Naki,
Wouter