Haruffan Ƙwarya a Bangon Ɗakinka

Zuwa gare ka, ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina sanar da kai cewa an mayar da ni aiki Sakkwato. Gidan gwamnatin nan na Yelwa zan miƙa shi ranar Litinin kamar yadda na karɓe shi, kuma mai fenti zai zo ranar Asabar.

Ka san abin da ke bangon ɗakinka: haruffa bakwai na sunanka, waɗanda ka yanka daga fasasshiyar ƙwaryar Innarka, ka manna da ƙaro. Na yi maka faɗa a kan ɓata bangon da ba namu ba. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, tunda kai ba ka faɗinsa, bari bango ya riƙa faɗa." Sunan mahaifina ne, kai kuma ɗan fari. Shekara goma sha bakwai ban furta shi ba.

Tun ranar da jirgin ruwan da ya ɗauko ku daga Wara ya daki kututture a tafki, ban taɓa bangon nan ba.

Kwana uku ina shiga ɗakin da wuƙa don in cire haruffan, ina fitowa ban yi kome ba. Ƙwaryar ta tsufa, ta bushe ƙayau. Idan harafi ɗaya ya fashe, babu hannun da zai sake yanka shi.

Malam Garba masunci, wanda ya tsamo ka, shi ya ce in ajiye wuƙar. Ya ce in jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, in dafa gefen harafi har ƙaron ya yi laushi, sannan in zura zaren kamun kifi ta bayansa, in riƙa ja hagu da dama. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in janyo harafin wajena, ko da na ga ya saki.

Yau da hantsi haruffa biyar sun fita lafiya, na naɗe su a tsohon rawanina. A na shida na ji wata 'yar ƙara. Na saki zaren, na zauna a ƙasa. Na duba, tsagewar kaɗan ce, amma ban iya komawa ba.

Daga ƙasan ne na ga abin da ban zata ba. Bangon duk ya koɗe, sai inda haruffan suka zauna. Shuɗin fentin yana nan sabo, sunan yana karantuwa. Wannan babu zaren da zai ɗago shi. Ranar Asabar za a shafe.

Ɗana, ina jin tsoro. Tsoron biyun da suka rage, da tsoron ɗakin Sakkwato wanda bangonsa bai san ka ba. Idan bango ya yi shiru, ni ma na yi shiru, wa zai faɗa?

Gobe zan ɗumama ruwa in ƙarasa, in Allah ya so.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe mini faɗan da na yi maka. Allah ya jiƙan ka, Isiyaku.

Naka har ranar haɗuwa,
Babanka