Ɗakin Baba Ya Daina Wari

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki? Tunda ƙaramin asibitin naku ko waya ba ta shiga, ga takarda ta hannun direban motar magani.

Albishirinki, Baba ya koma barci kamar jariri. Kwalaben man ƙamshin nan da kike min dariya a kansu su suka yi aiki. Ina ɗiga man na'a-na'a a kwanon ruwan zafi in ajiye gefen gadonsa, da yamma kuma in murza masa kafaɗu da man ɓawon lemo. Ku malaman asibiti kun ɗauka allura kaɗai ce magani!

Maganin sugansa yana sha, kada ki fara. Sai dai ya rage hawa keken ɗinki, wai takalmi ya ɗan goge masa babban yatsa. Safa yake sawa, ko ni ba ya bari in gani, kin san Baba da kunya. Kwanaki ɗakin ya riƙa wani irin wari har Gwaggo ta toshe hanci, amma da na ƙara man kanumfari, shiru kake ji. Yanzu masu kawo ɗinki har tambaya suke wane turare ne.

Ki huta lafiya.
Taki, Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa. Ki ajiye duk abin da kike yi, ki cire wa Baba safar nan ko da faɗa ne. Mai ciwon suga ba ya jin zafin ƙafa, wari ne kaɗai ke gaya mana abin da ke ciki. Warin da kika kashe shi ne ƙararrawar. In yatsan ya yi baƙi, ki kai shi babban asibiti yau, kada ki ɗiga masa komai. Na nemi izini, ina tafe.

Allah Ya sawwaƙe.
Yayarki.

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙurinmu?

Kwana biyar kika yi a gidan nan ba ki dubi fuskata ba. Magana ɗaya kika yi min, a gaban su Gwaggo: "Kin lulluɓe mana uba da ƙamshi har ya ruɓe." Gaskiya kika faɗa.

Akwai abin da ban samu na gaya miki ba. Da na karanta takardarki na durƙusa gabansa, ya riƙe min hannu ya ce, "Auta, bar min asirina." Sai da na yi kuka sannan ya saki. Yaya, safar ta manne da fata. A mota yake ce min ya daɗe da sani. Tsoronsa a yanke ƙafar da yake taka keke da ita, ya zama kaya a wuyanmu. Shi ya sa duk sanda za a yi baƙi sai ya ce, "Ƙara mana kanumfarin nan, 'yar albarka." Ni kuwa in ƙara, ina ta fara'a, wai ana yaba hannuna.

Likitan da ya yanke ƙafar ya ce gubar ta riga ta shiga jini, shi ya sa Baba bai tashi ba. Ya ce da mun zo mako guda kafin nan, yatsa kawai za a cire. Mako guda, Yaya! Maganar nan ita nake tashi da ita kullum.

Na zubar da kwalaben duka, na wanke labule sau uku, na fitar da katifa rana. Ɗakin har yanzu kanumfari yake, ba na iya shiga. Rigar wani tana nan a kan keke, hannu ɗaya ba a haɗa ba, na rasa yadda zan mayar masa.

Ba na ce ki yafe min yanzu ba. Amma ke kaɗai kika rage min, kuma zuciyata ta karye. Ko zagi ne ki rubuto.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki.

Autata,

Ina gaishe ki, ya haƙuri?

Ba fushi ne ya hana ni duban fuskarki ba, kunya ce. Takardarki ta farko, da direba ya miƙo min na ji ambulan ɗinta yana ƙamshi, sai na ce a raina, Auta da shirmen man ƙamshinta kuma. Na jefa a jaka. Kwana tara ta yi a ciki ban buɗe ba.

Ke ba ki san ma'anar warin ba. Ni na sani, aikina ke nan.

Ina tafe ranar Asabar. In kin ga dama ki buɗe min ƙofa.

Yayarki.